Tuwon Lahadin da Ya Ƙi Zare

Na ga saƙonninku, masu karatu. Wasu na cewa in daina ja musu rai in faɗi yadda ta kaya ranar Lahadi, wata baiwar Allah ma har ta rubuto cewa ta kai ɗinkin rigar da za ta sa ranar bikina. 'Yar'uwa, ki ce wa telan ya dakata. Kwana uku ke nan ina buɗe wayar nan ina rufewa, domin abin da zan faɗa ba wani ne ya yi min shi ba. Ni na yi wa kaina, da hannuna da muciyata.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce Delfina, a gida Fina, shekarata ashirin da bakwai, a garin Chipilo aka haife ni kamar ubana da ubansa. Ina da shekara goma sha biyar Mama ta rasu, washegarin jana'iza aka miƙo min ƙyallen girkinta, har yau ban kwance shi ba. Ni ke ciyar da Baba da Yaya Silvano, su kuma suna ciyar da shanu arba'in. Litinin taliya da miyar tumatir da cukun gidanmu, Talata wake da tortiya, wato 'yar gurasar masara, da gasasshen barkono, haka dai mako ke tafiya. Duk abin da na ɗora a tebur sai su ci, su goge baki, su koma wajen tatsa. Ban taɓa jin "ya yi daɗi" ba, amma ranar da gishiri ya zarce ina jin labari.

Lahadi ce daban. Ranar Lahadi tortiya ba ta hawa teburin Baba. Polenta ake ci, tuwon tsakin masara irin na kakanninmu da suka ƙetaro teku daga Italiya. A tuƙa shi a tukunyar tagulla kan wutar itace, a kife shi a kan katako, Baba ya yanka da zare ya miƙa wa kowa nasa. Bare ba ya zama a wannan tebur. Shi ya sa da Baba ya ce min, yana wanke bokitin madara, ko kallona bai yi ba, "Ki ce wa mutumin naki ya zo ranar Lahadi," sai da na dafa bango.

Mutumin nawa shi ne Leobardo, Leo, mai gyaran injin tatsa, ɗan garin Cholula. Laifinsa ɗaya ne a idon dangina, ba namu ba ne, ba jikan mutanen Italiya ba ne. Tsakaninmu da garinsu tafiyar rabin awa ce a mota, amma in kun ji Gwaggo Ernesta, ƙanwar Baba, tana zancensa, sai ku rantse daga wata duniya ya faɗo. Don haka ni da shi mun san abin da Lahadin nan take nufi. Ko Baba ya karɓe shi a teburin nan, ko kuma maganar aurenmu ta mutu a kansa.

Ranar Asabar da la'asar saƙonsa ya shigo: "Fito bakin titi, minti biyu kacal." Na fita da ƙyallen girki a jikina, hannuna duk warin tafarnuwa. Ya sauke gilashin mota ya miƙo min jakar farin yadi, an yi mata surfanin jajayen furanni a baki.

"Mene ne wannan kuma?"

"Garin masara. Na gonar Mama ne, girbin bana. Da kanta ta dafa masarar da farar ƙasa, ta shanya, ta kai niƙa."

"Leo, gobe fa polenta ce. Ka san irin garin nan na tortiya ne, ba ya..."

"Na sani, uwar girki, kar ki cinye ni. Ni ɗan aike ne." Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. "Wace riga zan sa? Fara ko mai zanen nan?"

"Fara. Kuma ka aske gemun nan, Gwaggo za ta zo."

"Ashe in zo da sulke."

Ban kai ƙofar kicin ba wani saƙon ya biyo: "Abin da na kasa faɗa miki baki da baki. Mama ta ce ta san ba a gayyace ta ba, kuma ba ta yi fushi ba. Ta ce masararta ta zauna a teburin a madadinta."

Na karanta ya fi sau biyar. Donya Petra ce fa, mahaifiyar Leo, matar da tun ranar farko take kirana 'yata, wadda ta riƙe tafukana biyu ta koya min buga tortiya har ta kumbura a kasko. Na tura jakar bayan gwangwanin sukari na ce wa kaina gobe ma rana ce.

Da safiyar Lahadi, kafin a tafi coci, Baba ya shigo kicin. Wannan kaɗai abin mamaki ne, don iyakarsa bakin ƙofa. Ya sa baƙar kwat ɗinsa, ya yi aski har ya yanke kansa a haɓa. Ya dire wani ɗan buhu a kan tebur.

"Wannan za ki tuƙa yau."

Na kwance bakin. Tsakin masarar gidanmu ne, mai ruwan ɗorawa har da ja-ja, irin da Mama ta gada wajen uwarta, wanda Baba ke shukawa a 'yar gonar bayan rumfar shanu. Ƙanƙara ta kashe gonar a watan Agusta, ni na ɗauka ɗan abin da aka tsira da shi ya ƙare tuni, don watanni biyu ke nan na kanti nake tuƙawa. Na ɗaga buhun a hannu. Na mutum uku ne, in an matsa huɗu. Mu kuwa biyar ne.

"Baba, wannan ba zai isa ba."

"Zai isa," ya ce, ya fice.

To a nan ne shaiɗan ya zauna a kafaɗata. Ku yi min adalci, shekara goma sha biyu ina girka wa mutumin da ba ya cewa sannu, na saba ɗaukar shirunsa da mafi munin ma'ana. Na ce a raina, wato ragowar ƙasan buhu ya kakkaɓo, don abinci ya gaza a gaban baƙo, Leo ya tashi da yunwa ya gane matsayinsa. Raina ya ɓaci. Sai idona ya faɗa kan gwangwanin sukari. Ga gari ya kasa, ga garin uwar Leo na jiran a ba shi wurin zama. Na ce ai shi ke nan, gida biyu su haɗu a tukunya ɗaya, wa zai sani?

Ni ce zan sani, mana. Tun ina 'yar shekara tara na san garin da aka dafa da farar ƙasa laushi gare shi kamar hoda, ba ya tsayawa yadda tsaki ke tsayawa. Na sani sarai, amma na auna kofi uku na zuba.

Muna dawowa daga coci na hura wuta. Zomo biyu na riga na dafa da tumatir da albasa da ganyen ƙamshi tun da asuba, miyar ta yi kauri yadda Baba ke so. Na sa shuɗiyar rigata mai ƙananan maɓallai, na ɗaure gashina, na ɗora ƙyalle a kai, na kama muciya. Tuƙin polenta awa guda ne cur, hannu ɗaya ya gaji ka koma ɗayan. In ya nuna, da kansa yake sakin jikin tukunya, ya bar ɓawon ƙanzo. Wannan kuwa awa ta cika yana manne da muciya yana ta ɓal-ɓal, launinsa ya koɗe. Ga wani ƙamshi da ya cika kicin, ƙamshin da duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban mai tortiya ya san shi.

Gwaggo Ernesta ta leƙo da baƙin mayafinta na coci, tana shinshina iska.

"Wa ke gasa tortiya ranar Lahadi?"

"Maƙwabta ne, Gwaggo."

"Allah ya shirye su. Ke kuma wannan rigar fa? Ko yau ne ɗaurin auren ba a gaya mana ba?"

Na ƙara itace, na ƙara tuƙi, ina addu'a a zuci. Ƙarfe biyu daidai na ji tsayuwar motarsa.

Ya shigo da farar rigar an goge ta har tana ƙara, malfarsa a ƙirji, ya aske gemun. Ya gaida Baba, "Barka da rana, Don Aurelio," Baba ya ba shi hannu ya nuna masa kujera. Kujerar da ke hannun damansa ya nuna, mazaunin wanda ake girmamawa, amma a lokacin hankalina na kan tukunya, ban ma lura da kyau ba. Gwaggo ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta juya yaren kakanni wanda Leo ba ya ji.

"Kalli takalmi, ya sha mai har ƙuda zai zame. Ya dai iya zama a kujera, an gode Allah."

"Ernesta," Baba ya ce. Ta ja bakinta.

Yaya Silvano ne ya sassauta wurin. "Kai maigyara, injin da ka taɓa ranar Alhamis ya koma tari."

"Injin ba ya tari, Silvano, kai ne ba ka wanke bututu."

"Ji shi! A gidanmu, a teburinmu!"

Har Baba sai da gefen bakinsa ya motsa. Ni kuwa na ɗauko tukunya da tsumma biyu, na zo na kife ta a kan katako a tsakiyar tebur, na ɗaga.

Polenta in ta yi, tsayawa take yi dam, tana tururi, gefenta sumul. Tawa ta fito ta zauna, sannan ta fara bajewa a hankali tana neman bakin katako. Baba ya yi addu'a, ya naɗe zaren a yatsunsa biyu, ya zura ta ƙasa ya ɗago. Zaren ya fito da danƙo yana ja, inda ya yanka ya koma ya haɗe. Ya sake, ya haɗe. Ya yi na uku. Sai ya ajiye zaren, ya dangwala da ɗan yatsa ya kai baki.

Ya ɗago ya dube ni. Wallahi ya gane, a idonsa na gani. Mutumin da ke bambance madarar saniya da saniya da harshe, farar ƙasa ce za ta ɓuya masa? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta riga ta buɗe baki.

"Itacen bana ɗanye ne," Baba ya riga ta, da yaren da kowa ke ji. "Ni na saro shi, laifina ne. Wuta ba ta kama tuwon ba. Silvano, ɗauko cokula."

Masu karatu, ubana ya yi ƙarya domina. Mutumin da ko farashin saniya ba ya ƙara wa gishiri, ya ɗauki laifina ya aza a kansa a gaban baƙo. Na zauna hawaye na cika min ido, ina cewa a raina na tsira, na tsira. Ya ɗebi tuwon da cokali ya zuba wa Leo da hannunsa, ya ɗora masa cinyar zomo.

Leo ya kai loma ɗaya. Ya tsaya. Na ga fuskarsa ta washe kamar ta yaron da ya hango uwarsa a kasuwa, nan take gabana ya yanke ya faɗi. Na girgiza masa kai, na taka ƙafarsa ta ƙarƙashin tebur, ashe ƙafar Yaya Silvano na taka. A gidan su Leo ba a cin masarar mutum a yi shiru. Sai an ambaci mai gonar an yi godiya, haka aka tarbiyyantar da shi. Ya ajiye cokali, ya miƙe tsaye, ya dafe ƙirji.

"Don Aurelio, ka yi min izini. Ni ba mai iya magana ba ne. Amma ɗanɗanon gonar mahaifiyata na ji a bakina, ko ido rufe zan gane shi. Ban taɓa zaton za ku karrama ta haka ba, ku haɗa masararta da taku a tukunya ɗaya. In na gaya mata, kuka za ta yi. Allah ya saka da alheri."

Ya zauna yana murmushi, yana dubana don in taya shi murna.

Gwaggo ta ture kwanonta da bayan hannu.

"To fa," ta ce da yarenmu. "Tun bai shigo gidan ba ya shiga tukunya. Aurelio, ashe itacenka ba shi da laifi."

Jini ya taru a fuskar Baba tun daga wuya. Ƙaryar da ya rufa min asiri da ita, ga ta an yaye a gaban ƙanwarsa da ɗansa da baƙo. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu da ya fi min sauƙi.

"Fina. Garin da na ba ki da safe, me kika zuba a kansa?"

"Baba, na ga ba zai isa ba ne..."

"Na ce miki zai isa."

Ya miƙe, ya ɗauki katakon da hannu biyu, tuwon na zuba a kan hannun kwat ɗinsa, ya fita ta ƙofar baya. Ta taga muna kallo ya ratsa tsakar gida ya shiga rumfar shanu. Ya karkata katakon a kan komi ya kankare shi tas da gefen hannunsa. Shanu suka taso suna turereniya.

Leo bai ji abin da aka faɗa da yarenmu ba, amma wannan ba ya buƙatar tafinta. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya daɗe yana kallon tagar, sannan ya ɗauki malfarsa.

"Leo, tsaya in yi maka bayani."

"A gidanmu, Fina, ko ƙwaya ɗaya ce ta faɗi ƙasa, sai an sunkuya an ɗauke ta." Ya juyo ya dube ni. "Kwana biyu Mama ta yi a kan garin nan, da ciwon bayanta."

Ya gaida Gwaggo, ya gaida Silvano, don ko a wannan halin bai manta ladabi ba. Ya fita. Na bi shi har bakin ƙofa, bai waiwayo ba.

Ina wanke tukunyar tagulla, tuwon ya manne mata kamar ƙaro, Yaya Silvano ya shigo ya jingina da bango.

"Ke wawuya ce, Fina, kin sani?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Garin nan tun ranar da aka sussuke 'yar masarar da ta tsira ya ware shi, ya ɓoye a ɗakinsa. Ranar tunawa da Mama na ce a fito da shi, ya ce a'a, na wata rana ne. Yau a hanyar coci ya ce min in ɗebi kaɗan, shi ma kaɗan zai ɗiba, don baƙo ya ƙoshi."

Na zauna a ƙasan kicin da rigata mai maɓallai, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka binne Mama. Na tsani kaina, kuma har yanzu da nake rubuta muku ban daina ba.

Litinin da safe, bayan an gama tatsa, ina shanya a igiya sai waya ta motsa a aljihun ƙyallena. Leo ne.

"Mama ta tambaye ni ko an ci. Na ce an cinye tas. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai jiya."

Ban gama haɗiye wannan ba wani ya shigo: "Ina bakin titi. Ki fito mu yi magana. In ba ki fito ba, na gane."

Na yar da abin shanyar a kwando na nufi ƙofa. Sai na ji sara daga bayan rumfar shanu. Ba ranar faskare ba ce, itace na nan jibge a kicin. Ƙafata ce ta kai ni, ban yi shawara da ita ba.

Baba ne da gatari, ya cire riga, daga shi sai singileti. Abin da ke kan kututturen ba icce ba ne. Katakon tuwo ne sabo fil, mai faɗi, an goge shi sumul an shafe shi da mai, har an huda masa marataya. Ya riga ya raba shi biyu. A gidanmu, tun kakan Baba, uba ba ya buɗe baki ya ce na ba ka 'yata. Katako yake sassaƙa mata da hannunsa, ya miƙa wa mijin bayan an tashi daga tebur. Na Gwaggo ma na nan rataye a kicinta.

Na sunkuya na ɗauki rabin da ya faɗo kusa da ƙafata. An ƙona rubutu a jikinsa da jan ƙarfe, haruffan sun karkace irin na mutumin da bai daɗe a makaranta ba. Sunan Leobardo ne, cikakke. Nawa yana jikin ɗaya rabin.

"Baba," na ce. "Yaushe ka fara wannan?"

Bai dube ni ba. Ya tofa yawu a tafinsa ya gyara riƙon gatari.

"Iccen tun Janairu na sare shi. Sai da ya bushe."

Janairu. Ni kuwa sai a watan Mayu na iya haɗa ƙarfin halin gaya masa cewa akwai wani Leo a duniya. Ashe tun kafin in buɗe baki ya sani, har ya amince.

Waya ta fara ruri a aljihuna, ta katse, ta sake ɗauka. Ina rungume da rabin katakon a ƙirji, na kasa ciro wayar, na kasa ajiye katakon. Baba ya ɗora rabin da ke da sunana a kan kututture, ya daidaita shi, ya ɗaga gatari.

"Matsa baya," ya ce, "kar ɓarɓashi ya shige miki ido."